Garin cire sitika a rasa fenti: Abin da ya kamata mai mota ya sani kafin ya ɗauki reza

A unguwarmu a Maraɗi akwai wata farar motar ɗaukar kaya da kowa ya san labarinta. Wani ɗan unguwar da ke ci-rani a Beljiyam ne ya tara kuɗi shekara da shekaru ya sayo ta, ya turo wa ƙanensa don ya riƙa jigilar kaya, gida ya samu na cefane. Motar ta iso lafiya, injinta garau, sai dai gefenta biyu ɗauke suke da sunan wani kamfanin gyaran famfo da lambar wayarsa da manyan haruffa shuɗɗa. Ƙanen ya ga bai dace ya riƙa yawo da tallar wani Bature a gari ba. Da tsakar rana ya kai ta wurin wanki, aka sa mata reza, inda danƙo ya ƙi fita aka bi shi da tina da soson ƙarfe.

Haruffan sun fita, amma sunan kamfanin bai tafi ba. Yana nan rubuce, wannan karon da ƙarce da dusashewar fenti, ana iya karanta shi daga tsallaken titi. Da yayan ya ga hoton a WhatsApp, an kwana biyu ba a ga maciji tsakaninsu. Daga baya da aka so sayar da motar, duk mai sayen da ya zo sai ya fara nuna gefen nan kafin ya yi tayi. An je neman gira, an rasa ido.

Irin wannan asarar ba baƙuwa ba ce a Yamai, Damagaram, Tawa ko Birnin Ƙonni. Aikin da ake gani na minti goma ne, amma kuskure a cikinsa kan kai mai mota ga sake fentin ƙofa ko gefe guda cur, kuma duk wanda ya taɓa sayen mota ya san darajar wadda ke da fentin kamfani ba ɗaya ba ce da wadda aka taɓa.

Daga ina sitikun nan suke zuwa?

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Nijar na hannu ne, waɗanda suka yi rayuwarsu ta farko a Turai, Amurka ko ƙasashen Larabawa. Shekaru da dama ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke shigowa su biyo ta Gaya, kafin rufe iyaka da Benin a 2023 ya karkata akalar kaya da yawa zuwa Lome. Kowace mota kuwa takan zo da tarihinta manne a jikinta.

Idan ka duba kusurwar gilashin gaba, za ka iya ganin koren da'ira mai lamba 4: shaidar hayaƙi ce ta Jamus, wadda ke ba mota izinin shiga tsakiyar wasu birane. Akwai makamanciyarta ta Faransa mai suna Crit'Air. Akwai ta kuɗin babbar hanya ta Suwizalan, wadda ake saye shekara-shekara, kuma da gangan aka yi ta yadda za ta yayyage in an yi ƙoƙarin ɓamɓare ta, don kada a mayar da ita kan wata motar. A baya kuma ga harafin ƙasa irin su D, B, NL ko CH, ga sunan dillalin da ya fara sayar da ita, ga takardun da ake mannawa a tashar jirgin ruwa.

Mu ma a gida muna ƙara namu. Hotunan ƴan takara na zaɓen Disamban 2020 da zagaye na biyu na Fabrairun 2021 har yanzu suna maƙale a bayan wasu motoci, rana ta cinye fuskokin. Ga tambarin ƙungiyoyin ƙwallo, Barcelona da Real Madrid, ga hotunan malamai da na ƴan kokawa, ga kirari da addu'o'i a jikin adaidaita da baburan ƴan kabu-kabu. Sannan ga motocin ƙungiyoyin agaji da na ma'aikatu da ake gwanjonsu, waɗanda sabon mai su ba shi da zaɓi sai ya cire tambarin da ke ƙofa.

Fentin mota bai kai kaurin da ake zato ba

Tushen matsalar shi ne mutane da yawa na ɗaukar fenti abu ne mai kauri da zai jure kankara. Ba haka ba ne. Fentin kamfani hawa-hawa ne: akwai na farko da ke kare ƙarfe daga tsatsa, sai na share fage, sai mai launi, sannan na ƙarshe, wato berni, ruwan nan garai-garai da ke ba mota ƙyalli, yana kuma kare launin daga rana. Duka hawan nan in an haɗa su, kaurinsu bai wuce na takardar A4 guda da ɗan wani abu ba. Bernin shi kaɗai bai kai kaurin silin gashin kai ba.

Saboda haka reza ba ta buƙatar ta nutse kafin ta yi ɓarna. Da zarar ta yanki berni, babu wankin da zai mayar da shi. In ƙarcen bai yi zurfi ba, folish na iya ɓoye shi, amma folish ɗin ma cin bernin yake yi kaɗan-kaɗan. In kuwa ya kai ga launi ko ƙarfe, sai dai mai fenti.

Shi kuma danƙon da ke bayan sitika, an yi shi ne ya yi laushi idan ya ji ɗumi, ya kuma narke idan ya haɗu da mai ko wasu sinadarai. Wannan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya: ɗumi, haƙuri, da sinadarin da zai ci danƙo ba tare da ya ci fenti ba. Ƙarfin hannu ba ya cikin lissafi.

Ranarmu da ƙurarmu

Yawancin bidiyon da matasa ke kallo a YouTube da TikTok a kan wannan aiki, a ƙasashe masu sanyi aka ɗauke su. Yanayinmu daban ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota da ke tsaye a rana kuwa yana iya wuce digiri 70. Sitikar da ta sha irin wannan gashi shekara uku ko huɗu ba ta ɓarewa salin-alin. Robarta ta bushe ta tsattsage, danƙonta ya ƙandare, sai dai ta riƙa fita gutsi-gutsi.

Sannan duk sinadarin da aka zuba a kan ƙarfe mai zafi nan da nan yake bushewa kafin ya yi aikinsa, ya bar tabo. Shi ya sa tsakar rana ita ce mafi munin lokacin yin wannan aiki. A yi shi da hantsi ko bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfa ko inuwar bedi.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, kuma yashi ya fi berni tauri. Duk wanda ya murza tsumma a kan mota mai ƙura, tamkar ya sa mata samfefa ne. Don haka matakin farko kafin a taɓa sitika shi ne a wanke wurin da kewayensa da ruwa da sabulu, a tsane shi da tsumma mai tsabta.

Yadda ake cire sitika daga jikin fenti

Kayan aikin ba su da tsada: na'urar busar da gashi irin ta masu gyaran gashi, tsohon katin roba kamar na banki ko wanda ake ɓalle layin waya daga jikinsa, tsumma mai laushi guda biyu ko uku, da ruwan sabulu.

A ɗumama sitikar da na'urar daga nesa kamar taƙi guda, ana kai da kawowa, ba a tsayawa wuri ɗaya. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ka ɗora bayan hannunka ka ji ɗumi sosai amma za ka iya jurewa, ya isa. In ba ka iya taɓawa, ka wuce gona da iri, sai ka dakata ya huce. Idan wutar lantarki ta ɗauke, tsumman da aka tsoma a ruwan zafi a ɗora na ɗan lokaci zai yi aikin, haka ma barin motar ta ɗan sha ranar safe kafin a mayar da ita inuwa.

Akwai wata na'urar hura iska mai zafi da masu walda da masu gyaran waya ke amfani da irinta, wadda zafinta ke iya haura digiri 500. Wannan ba ta ɗan koyo ba ce. Daƙiƙu kaɗan a wuri ɗaya sun isa su sa fenti ya yi bororo ko roba ta lanƙwashe.

Idan sitika ta yi laushi, a ɗaga kusurwa ɗaya da farce ko gefen katin roba. Daga nan a riƙa ja a hankali, ana kwantar da ita baya a kan kanta, ba a fizge ta sama ba. In ta fara tauri a sake ɗumamawa. Wadda ta ƙandare ba ta da wata dabara sai bi guntu-guntu. Sannu ba ta hana zuwa.

Haruffa da tambarin ƙarfe

Haruffan da ke bayan mota, irin su Corolla, Avensis, VVT-i ko 4WD, galibi da wani tef mai danƙo fuska biyu aka manna su. Ba a sa musu sukuddireba ko wuƙa. Bayan an ɗumama, sai a samu zaren roba irin na masu kamun kifi, a zura shi a bayan harafin, a riƙa ja hagu da dama kamar mai zarto, ana karkata zaren zuwa wajen harafin, ba wajen fenti ba. Kafin a fara, yana da kyau a manna tef ɗin takarda irin na masu fenti a kewaye don kare wurin. Ragowar soson da zai rage, a murza shi da babban yatsa yana da ɗumi, zai nannaɗe ya fita.

Amma a yi hattara da babban tambarin kamfani na gaba da na baya. Da yawansu suna da ƴan ƙafafu da suka shige cikin huda a jikin ƙarfe. In ka ji zare ya tsaya ya ƙi wucewa, kada ka tilasta, ƙafa ce ya tarar. Cire irin wannan tambari zai bar maka ramuka, damina na zuwa ruwa ya shiga, tsatsa ta fara daga ciki. A wasu sababbin motocin Toyota, akwai na'urar hangen abin da ke gaba a ɓoye a bayan tambarin gaban, a wasu samfuran Volkswagen Golf kuwa tambarin baya shi ne mabuɗin but. Waɗannan ba abin wasa ba ne.

Haka nan, saboda ɓarayin tambari, wasu masu motoci kan sake manna shi da gam mai kamawa nan take, wasu ma har ƙusa suke sa masa. Irin wannan gam yana haɗewa da berni ne ya zama abu ɗaya. In ka tarar da shi, ka bar wa mai fenti.

Me ke cire danƙo, me ke cinye fenti?

Bayan sitika ta fita, saura danƙon da ke kama ƙura ya yi baƙi. A nan ne aka fi yin ɓarna. Ƙa'idar ita ce a fara da mafi sauƙi, in bai yi ba a matsa gaba.

Ruwan ɗumi da sabulu ya isa ga sitikar takarda. In ya ƙi, man gyaɗa na girki yana laushin danƙo ƙwarai: a shafa, a bar shi kamar minti goma, a goge. Na gaba shi ne man feshin nan WD-40 da ake samu a shagunan kayan gyara, ko ɗan kananzir a jikin tsumma. Alkol na kantin magani ma yana aiki, musamman wajen share maiƙon ƙarshe, amma kada a bar shi ya jiƙa wuri ya daɗe. Akwai kuma sinadaran da aka yi musamman don cire danƙo daga jikin mota, wasunsu da man ɓawon lemo ake haɗa su. Wanda ke da ɗan'uwa a waje zai iya sa a jefo masa kwalba guda a cikin motar tun daga can.

Ko wanne za a yi amfani da shi, a zuba a tsumma, ba a kan mota kai tsaye ba. A fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, kamar cikin bakin ƙofa. In ka ga launin motar ya biyo tsumman, ka tsaya nan take: alama ce cewa fentin ba shi da berni, ko kuma an sake shi da kayan da ba su da ƙarfi.

Waɗanda ba a kusantar da su ga fenti kuwa su ne: tina, wadda masu fenti ke kira diliyan, domin aikinta ke nan narkar da fenti; ruwan goge jan farce, wanda yawanci asiton ne; da man birki, wanda in ya ɗiga ya zauna yakan ɗaga fenti har ƙarfe. Soson ƙarfe, soson wanke tukunya, toka da yashi duk sahunsu ɗaya. Shi kuma man fetur da masu wanki ke yawan ɗauka saboda yana kusa, ko da ya cire danƙon, yana dusar da roba, ga haɗarin gobara, musamman in ana aiki da na'urar zafi a gefe ko wani na shan taba.

Fitilun motocin zamani ba gilashi ba ne, roba ce, kuma sinadari mai ƙarfi na sa ta yi hazo ko ta tsattsage. Su da baƙar robar bamba, ruwan ɗumi da sabulu da man gyaɗa sun wadatar.

Da an gama, a sake wanke wurin da sabulu don kada maiƙo ya zauna ya tara ƙura, sannan a shafa kakin goge mota, domin duk abin da ya cire danƙo ya tafi da kariyar da ke wurin.

Gilashi da babur

Gilashi ne kaɗai inda reza ke da hurumi, ita ma sabuwa, a kwance, bayan an jiƙa wurin da ruwan sabulu. Ban da cikin gilashin baya: siraran layukan nan da ke kwance a jikinsa wayoyin ɗumama gilashi ne, a wasu motocin har da eriyar rediyo, kuma reza na tsinke su. Ban da gilashin da aka manna wa baƙar leda daga ciki. Kada kuma a kwara tafasasshen ruwa a gilashi, musamman mai ɗan tsagu, domin tsagun zai iya zarcewa.

Masu babura su lura da abu biyu. Na farko, zanen da ke jikin tankin mai na wasu babura a ƙarƙashin berni yake. Ka shafa da farce: in ba ka ji bakin sitikar ba, to ba ta ciruwa sai an kankare fentin. Na biyu, ba a kai zafi kusa da tankin da ke da mai. Murafun gefe kuwa roba ne, ba sa jure zafi ko sinadari.

Inuwar da ke saura

Ko an yi komai daidai, sau da yawa siffar sitikar kan rage kamar inuwa. Ba datti ba ne. Fentin da ke ƙarƙashinta ne ya tsira daga rana, na kewaye kuma ya koɗe. Ya fi fitowa a jan fenti da shuɗi, a fari kuma sai ka ga kewayen ya yi rawaya-rawaya. Folish mai laushi na rage bambancin, wata da watanni a rana su ma suna daidaita shi, amma wanda ya yi shekaru da yawa ba lalle ya ɓace duka ba. Gara mai mota ya san haka tun farko, da ya sa yaro ya yi ta murza har berni ya ƙare.

Motar da aka sake wa fenti ta fi kowace haɗari. In ba a gyara ƙasan da kyau ba, ko an cika mastik, sitika na iya tasowa da fentin gaba ɗaya. Sabon fenti kuma yana buƙatar aƙalla wata guda ya gama bushewa kafin a manna masa wani abu.

Ga mai saye, wannan inuwa shaida ce. Ka tsaya a gefen mota da safe ko da yamma lokacin da haske ke zuwa a karkace, ka dubi ƙofofi da rufi. Inuwar manyan haruffa na nuna motar ta yi aikin kamfani, tasi ko ɗaukar marasa lafiya, abin da ke nufin ta yi tafiya mai yawa ko da allon kilomita ya nuna akasin haka. Sabuwar sitika ƙatuwa a kan tsohuwar mota kuwa, a tambayi abin da take rufewa. Kuma harafin V6 ko 4WD a bayan mota ba hujja ba ne, kowa na iya saye ya manna. Lambar shasi da takardun mota su ne abin dubawa.

Waɗanda ba a taɓawa

Ba kowace takarda ce ake cirewa ba. Duk shaidar hukuma da ke aiki, ta haraji, inshora ko binciken lafiyar mota, a bar ta inda take. Lambar ƙofa ta motocin tasi, irin masu jan kai na Yamai, ba ado ba ce, shaidar izinin aiki ce. Sannan akwai takardun kamfani da ke manne a bakin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji, masu ɗauke da lambar shasi, awon iskar taya da lambar launin fenti. Wanda ya kankare su ya jawo wa kansa tambayoyi a wurin jami'an duwan da jandarmomi, ya kuma wahalar da mai fentin da zai haɗa masa launi wata rana.

A ɗaya ɓangaren, wanda ya sayi motar gwanjo daga wata ma'aikata ko ƙungiyar agaji, wajibi ne ya cire tambarinsu kafin ya hau hanya. Yawo da alamar da ba taka ba, a halin tsaron da ake ciki, neman fitina ne.

Saƙo ga na waje da na gida

Ɗan'uwa da ke Burussel, Hambug ko Liyon, in za ka turo mota mai rubutun kamfani, ka sa a cire shi tun can kafin ta hau jirgi. A can robar ba ta gasu ba, kayan aiki na kusa, kuma makonnin da za ta yi a tashar ruwa da kan hanya a cikin rana ƙara ƙandarar da danƙon za su yi. In hakan bai samu ba, ka gaya wa wanda zai karɓa kada ya yi gaggawa.

Kai kuma da ke gida, in rubutun ya mamaye gefen mota, ko ya tsattsage kamar busasshen tabki, ko kana zargin an taɓa sake fentin, ka nemi mai fentin da ya san aikinsa. Ka tambaye shi da me zai cire kafin ka miƙa makulli, ka ce ya fara gwadawa a ƙaramin wuri kana tsaye. In ka ga ya ɗauko reza da galan ɗin tina, ka karɓi makullinka ka yi masa sai an jima.

Motar unguwarmu dai har yau tana aiki, tana kai buhunan gero da albasa kasuwa. Ƴan'uwan sun shirya tuni. Amma duk wanda ya tsaya kusa da ita da yamma, zai iya karanta sunan mai gyaran famfon nan na Beljiyam, wanda ke samun talla kyauta a Maraɗi bai ma sani ba.